Mataki Talatin da Ɗaya na Mastu Sabatino

Ƙarfe biyar da rabi na safe Mastu Sabatino Verolla yake ɗora tukunyar kofi, irin mai cika kofi biyu. Ya sha ɗaya a tsaye, ya bar ɗayan a kan tebur har ya huce. Shekara shida ke nan yana haka, tun rasuwar matarsa Nunziata. Na taɓa ce masa ya sayi ƙaramar tukunya mana, ya yi mini wani irin kallo, ban ƙara ba. Daga nan sai ya ɗora hularsa ya fita bayan gida, inda tsaninsa yake kwance a jikin bango, ya bi shi da tafin hannu mataki bayan mataki, yana laluben inda ya tsage ko ya yi sako-sako.

Tsanin ya fi gidan tsawo. Mita goma sha uku ne, ga shi siriri, da ƙyar faɗinsa ya kai tafin ƙafa biyu. Da aka rasa inda za a kwantar da shi, sai mahaifina ya yarda aka fasa rami a katangar da ke tsakaninmu, kan tsanin ya ratso tsakar gidanmu. Saboda haka kullum safiya Mastu Sabatino sai ya zagayo ta ƙofata ya duba matakai biyar na ƙarshe. Ba ya ƙwanƙwasawa, ba ya gaisuwa, tari ɗaya kawai yake yi. Ni kuwa, tsohon mai raba wasiƙun garin nan, shekara talatin da huɗu da tarin nan nake tashi. Shi ya sa na ga cewa idan ban rubuta wannan ba, babu mai rubutawa, don mutumin ba shi da ɗa ba shi da jika, kuma bakinsa nauyi gare shi.

Duk wanda ya bi tsohuwar hanyar da ta fita garinmu ta nufi Aversa ya san gonar Donna Filomena. Ita kaɗai ta rage a wannan hanyar da inabin Asprinio yake hawa bishiya kamar yadda kakanninmu suka bar shi. Dogayen bishiyoyin nan da muke kira pioppo, goma sha takwas a jere, wayoyi a tsakaninsu, kurangar inabi ta bi ta rufe su har ta zama katangar ganye mai tsayin bene hawa huɗu. Muna kiran wannan alberata. Ƙa'idar giyar yankinmu ta ce ba a rubuta wannan suna a jikin kwalba sai idan inabin daga can sama aka tsinko shi. Idan aka sauko da kurangar ƙasa, inabin yana nan, giyar tana nan da tsaminta mai tsinka harshe, amma sunan ya tafi. Da ina yaro, tun daga nan har Aversa inuwar waɗannan katangu kake bi. Yanzu gidaje ne da shagunan sayar da taya.

Babu injin da yake hawa can, mutum ne da tsani. Kuma ba kowane tsani ba. Kafinta yakan auna ƙaurin mai hawa, daga tafin ƙafa zuwa gwiwa, ya jera matakan daidai da wannan awon. Idan ka taka mataki ɗaya, gwiwarka sai ta shige ƙarƙashin na sama ta kafe, hannuwanka biyu su sami sakewa su yi aiki. Marigayi Mastu Crescenzo kafinta, don Mastu muke ce wa duk gwanin sana'a, shi ne ya auna Sabatino yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya fafe masa tsani daga gangar itacen kastanya guda, mataki talatin da ɗaya. Sabatino gajere ne. A shagon kofi suna ce masa da ya ƙara tsawo da ya rage wa kafinta aiki.

Yana da wa, Aniello, wanda ya fi shi tsawo da kaɗan. Wata kaka tsanin Aniello ya tsage ana tsakiyar tsinka, hadari kuma ya haɗo. Ya ce da ƙaninsa, "Sabatì, ara mini naka, yatsa biyu ne kawai tsakaninmu." Sabatino ya ara masa. A mataki na ashirin da wani abu gwiwar Aniello ta ƙi shiga, ya miƙa hannu zai kamo nonon inabi, ƙafar ta zame. Bai mutu nan take ba, sai da ya yi shekara tara a kujera, ƙaninsa yana ɗaga shi yana kwantarwa. Tun daga ranar ko taɓa tsanin nan babu wanda Sabatino ya sake bari ya yi. Ni da kan tsanin yake kwana a gidana, na taɓa shanya tsumma a kai, ya yi mako biyu ba ya yi mini tarinsa na safe.

Mai hawa ba ya aiki shi kaɗai. Yana cika kwando mai tsinin gindi, ya zuro shi da igiya, tsinin ya cake a ƙasa don kada ya kife, na ƙasa ya kwance ya ɗaura wani. Nunziata ce ta ƙasan Sabatino shekara arba'in da ɗaya. Idan kwando ya cika sai ka ji daga cikin ganye, "Yana tafe!" Ita kuma ta amsa, "Ya sauka, ja abinka!" Ina wucewa a keke da jakar wasiƙu, daga nesa nake jin su. Wani lokaci ta ƙara da, "Ka tsinko mini ganye rabin kwando, akuya gare ni?" Shi kuma ya ce, "To hawo ki nuna mini, sarkin baki." Ba su haihu ba. Ban taɓa jin ɗayansu ya ɗaga zancen ba, ko a cikin faɗa.

Shekarar da ta rasu, Donna Filomena ta ce za ta nemo masa mai riƙe igiya. Ya ce a'a. Ya cika kwando ya zuro, sannan ya sauko mataki talatin da ɗaya ya kwance da kansa, ya ɗaura wani, ya sake hawa. Haka ya yi kaka biyar. Abin da ya fi ci mini rai, bai daina kiran ba. Na tsaya a bakin hanya na ji da kunnena, "Yana tafe!" Sai shiru. Yakan ɗan jira kamar yadda ake jiran amsa, sannan ka ga tsanin ya fara motsi. Wallahi ranar farko da na ji haka, ajiye keken na yi na zauna a bakin kwalbati na yi kuka, ni da gemuna.

Mastu Sabatino, kai ne wanda wani dillalin inabi ya zo wa a shekarar da ƙanƙara ta kakkaɓe rabin amfanin gona. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna raye. Ya zo da mota cike da farin inabi na gajerun gonaki, ya ce a juye a kwandunanka masu tsini a wuce da shi a matsayin na sama, wa zai gane? Mutum uku suna wurin, biyu suna da rai, su suka ba ni labari. Ka ce masa, "Wanda ban hau na tsinko ba, ba ya shiga kwandona." Ya ce ai ko mai duba gonaki na hukuma ba ya hawa ya gani. Ka ce, "Shi ba ya hawa, ni ina hawa." Ka juya ka ci gaba da nannaɗe igiyarka. Kai ne kuma wanda ya ja mai duba gonakin da hannu zuwa ƙarshen layi, ka nuna masa kurangar baƙin inabi mai zaƙi guda ɗaya da kakan Donna Filomena ya dasa don ci, ka ce ya rubuta cewa wannan ba Asprinio ba ce, kuma ba ta taɓa shiga matsewa ba. Mutumin ya ce shekara goma yana zuwa bai lura da ita ba. Kwandonta daban kake tsinka, a ranar ƙarshe, kuma kowa ya san na Nunziata ne.

To, bara gwiwar ta ƙi. A ranar ƙarshe ta tsinka ya sauko, ya zauna a gindin bishiya, ya kasa tashi. Likita ya ce gwiwar hagu ta cinye, idan ya sake kafa ta a mataki da nauyin jikinsa, wata rana za ta saki. Shekararsa saba'in da huɗu.

Ba a yi mako biyu ba ɗan Donna Filomena ya sauko daga Torino. Injiniya ne, haka muke kiransa, kuma ba mugun mutum ba ne, kada a ce na ce. Ya sami Sabatino a gida, ina nan zaune.

"Mastu, ka san girman da nake ba ka," in ji Injiniya. "Amma kurangar nan idan ba a datse ta a watan Janairu ba, nauyinta zai karya wayoyi, wata rana ta faɗo wa mai wucewa. Mama ta haura tamanin. Ni ba zan kwana a Torino ina tunanin bishiya ba."

"Sai me?"

"Sai a sare bishiyoyin, a sauko da inabin kan waya daidai ƙirji. Kowa ya iya tsinka."

"Kowa ya iya," in ji Sabatino. "Sunan fa?"

"Suna ba ya hawa tsani, Mastu. Ka kawo mini mai hawa kafin ƙarshen Janairu, na bar su. In babu, masu zarto za su zo."

Masu hawa a yankinmu ba su cika yatsun hannu biyu ba, duk tsofaffi, kowa da gonakin da suka fi ƙarfinsa. Mastu Crescenzo ya rasu shekara ashirin da suka wuce, babu wanda ya gaji sana'arsa a garin nan. Tsani ɗaya ne a hannun Sabatino, tsanin kuma ƙauri ɗaya ya sani. Sai Sabatino ya yanki igiya ya auna ƙaurinsa, ya ƙulla ta sama da ƙasa, ya sa a aljihu, ya shiga gari neman mutumin da ƙafarsa ta yi daidai da tasa.

Kai, mun sha kallo! Mutumin da ba ya gaisuwa, sai ga shi a ƙofar coci ranar Lahadi yana durƙusawa da gwiwa mai ciwo a gaban mazan mutane. Ya auna mai gyaran famfo, ya auna direban motar cuku, ya auna mijin mai shagon magani yana tsaye a layi. A shagon kofi, da ya shigo sai masu karta su ɗaga ƙafafu kan kujera suna ihu, "Ku ɓoye ƙaurinku, ga tela ya zo!" Har ni ya auna, ni da ko kan kujera na hau sai jiri ya kama ni. Ya duba igiyar ya ce, "Kai ma ka yi tsawo, mai wasiƙa. Ba ka da amfani ko ta nan." Mutanen yanzu duk dogaye ne. Mutum biyu kawai suka yi daidai, ɗaya yana da ciwon zuciya, ɗayan ya ce ko a mafarki.

Akwai Tammaro, wanda muke ce wa Dogo. Shekararsa hamsin, ya yi rabin rayuwarsa yana hawa turakun lantarki kafin a sallame su, tun daga nan yake zaune a shagon kofi yana tsokanar mutane. Shi ya raɗa wa Sabatino sunan tela. Wata rana da yamma, bayan an watse da dariya, ya biyo shi waje.

"Mastu, auna ni."

"Kai? Ko daga nan ina gani."

"Auna dai. Na gaji da karta. Ni tsayi ba ya ba ni tsoro, zama ne yake kashe ni."

Sabatino ya durƙusa ya auna. Yatsa uku ya ɗara.

"Yatsa uku ai ba komai ba ne," in ji Tammaro. "Sai in ɗan lanƙwasa."

"Yatsa biyu ne suka zaunar da Aniello shekara tara," in ji Sabatino. Ya mayar da igiyarsa aljihu ya tafi.

Daga nan ya daina auna kowa. Disamba ta shigo da ruwa da sanyi. Ba ya zuwa shagon kofi, ba ya zuwa coci. Da safe ina jin tarinsa a tsakar gidana, amma sai ya daɗe tsaye a wurin matakan nan biyar, hannunsa a kai, ba ya duba komai. Na kai masa miyar wake, washegari na tarar da ita yadda na ajiye. Bayan Kirsimeti masu zarto suka zo duba aiki, suka shafa wa bishiyoyin jan fenti ɗaya bayan ɗaya, duka goma sha takwas. Donna Filomena ta rufe tagoginta na wannan ɓangaren. Na ga Sabatino tsaye a bakin gonar cikin yayyafi, ya ɗaga kai yana kallon sama, shi kaɗai a duk faɗin hanyar. Na rage tafiya, sannan na wuce. Har yau ina jin kunyar wucewar nan.

Ranar bakwai ga Janairu, da hantsi, na ji bugun guduma a bayan katanga, kan tsanin da ke gidana yana girgiza. Na zagaya da gudu. Na tarar da shi ya sauke tsanin kan duwatsu, yana fitar da matakan ɗaya bayan ɗaya. Tammaro yana tsaye gefe, ƙafar wandonsa a naɗe har gwiwa, fuskarsa kamar wanda aka kama da sata.

"Sabatì, ka haukace?" na ce. "Tsanin Mastu Crescenzo ne fa!"

"Itacen nasa ne. Awon nawa ne."

"In ka canja shi, kai ba za ka sake hawa ba har abada."

"Na sani. Riƙe mini nan, ka cika surutu."

Na riƙe. Ashe duk kwanakin da ya yi shiru, abin da yake juyawa a ransa ke nan. Likita ya hana shi hawa, amma muddin tsanin yana kan awonsa, yana iya ce wa kansa wata rana gwiwar za ta yi sauƙi, ya hau ko sau ɗaya ya hango teku da dutsen Vesuvio ta saman ganye, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Wannan 'yar ƙofar ce ya rufe da hannunsa. Kwana tara muna aikin. Ya toshe tsofaffin ramukan da turakun kastanya, ya huda sababbi a kan awon Tammaro, inda sabon rami ya matso kusa da tsoho ya ɗaure da ƙarfe. Da aka gama, mataki ashirin da takwas ne. Uku suka yi saura, waɗanda tafin ƙafarsa ya sassaƙe tsakiyarsu har suka yi sulɓi. Ya kwashe su ya shiga da su ɗaki, ban tambaye shi inda ya ajiye ba.

Da muka jingina tsanin a bishiyar farko, kafin Tammaro ya taka, Sabatino ya ɗora ƙafarsa a matakin ƙasa ya kai gwiwa. Ba ta kai na sama ba, yatsa uku suka rage. Ya sauke ƙafar a hankali ya ce, "Yawwa, ya yi. Hau, Dogo." Ya koya masa datsa daga ƙasa, da sanda yana nuni yana faɗa. "Ba wannan ba, na hagunsa! Makaho ne kai? Wannan reshen ya girme ka!" Injiniya ya zo ranar ashirin da shida ga wata, ya tsaya ya kalli mutum a sama, ya buga waya ya sallami masu zarto. Jan fentin yana nan a jikin bishiyoyin, ruwa bai gama wanke shi ba.

Watan jiya aka yi tsinka. Na je da sassafe na tsaya a inda na saba tsayawa. Tammaro ya ɓace a cikin ganye, sai ƙasan tsanin kake gani, da wani gajeren tsoho a gindinsa riƙe da kwando, a daidai inda Nunziata take tsayawa. Can sai murya ta sauko, "Yana tafe!" Kwandon ya zuro, tsininsa ya cake a ƙasa. Sabatino ya tsaya yana kallonsa. Ya daɗe, har Tammaro ya leƙo ya ce, "Mastu, lafiya?" Sannan na ji ya gyara murya, ya ɗaga kai ya ce, "Ya sauka, ja abinka."

Ranar ƙarshe Tammaro ya tsinko baƙin inabin ƙarshen layi a kwandonsa daban, ba tare da an gaya masa ba. Sabatino ya ɗauka ya nufi maƙabarta da shi, yana ɗingishi, bai yarda kowa ya raka shi ba.

Mastu Sabatino, gajere mai dogon tsani, mun gode. Ba za a rubuta sunanka a jikin kwalba ba, ƙa'ida ba ta tanadi wurin sunan mai hawa ba. Masu sha a Napoli da Roma za su karanta alberata su lumshe ido, ba su san gwiwar wa ta ƙare a kai ba. Mu mun sani. Mun gode da shekara hamsin da bakwai a sama, mun gode da kwandon da bai taɓa ɗaukar ƙarya ba. Mun yi maka dariya kana durƙuso a gabanmu da 'yar igiyarka, ka yafe mana, ni ne na farko.

Ku kuma mutanen garin nan, na san gidaje aƙalla huɗu da tsanin ubanninku yake rataye a rumfa, kuna shanya tumatir a kai. Ku sauko da su tun ƙwari ba su cinye ba. Mutumin da ya san yadda ake mayar da tsani kan sabuwar ƙafa yana nan da ransa, gida na biyu bayan famfon unguwa, kuma kullum akwai kofi ɗaya da yake hucewa a teburinsa babu mai sha. Ku je ku zauna ku sha, ku naɗe ƙafar wando ya auna ku.

Yanzu tsanin a gidan Tammaro ya kamata ya kwana, amma ya ce wurinsa ba zai ɗauka ba, kuma na san ƙarya yake yi, don gidansa ya fi namu fili. Saboda haka kan tsanin yana nan a tsakar gidana. Yau da safe ma na ji tarin. Na leƙa ta taga na gan shi yana bin itacen da hannu kamar kullum, sai dai ba a kan sababbin matakan yatsunsa suke tsayawa ba. A kan tsofaffin ramukan da ya toshe suke tsayawa, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙarasa ƙirgar da ya faro daga gidansa, a hankali, har talatin da ɗaya.